Yadda Ake Magance Kunamar Bindigar Farauta da Ta Ƙi Komawa Mazauninta

Wannan bayani na masu bindigar farauta ce irin wadda ake karyawa a sa mata harsashi, mai baki ɗaya ko mai baki biyu, kuma mai lasisi. Matsalar da za mu duba sananniya ce: ka ja kunama bindiga ta tashi, ka ɗage yatsa, amma kunamar ta tsaya a baya, ko ta dawo a hankali kamar ba ta so, ko kuma a mai baki biyu, baki na biyu ya ƙi tashi. A nan Sakkwato mafi yawan bindigogin da na buɗe saboda wannan, dauɗa ce damuwarsu: ƙurar hunturu ta haɗu da tsohon mai ta daskare. Saura kuwa ko katako ne ke gugar ƙarfe, ko sifirin ya gaji, ko yatsan mai harbin ne. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zarto ke warkarwa, shi ya sa ba za ka gan shi a jerin kayan aikin ba.

Dokar makamai ta Najeriya ta shekarar 1959 ta ce irin wannan bindiga sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, kuma ba kowa ke da ikon gyaran bindiga ba sai wanda hukuma ta ba izini. Don haka aikinka a gida shi ne wanki, dubawa, sa mai da gwaji. Duk abin da ya kai ga cire ƙarfe a sa wani, na mai izini ne, kuma zan nuna maka inda iyakar take.

Kayan aiki

Sukudireba ce ta farko, kuma a nan ake fara ɓarna. Sukurorin bindiga tsagarsu siririya ce, ita kuwa sukudirebar kanikawa bakinta kamar gatari yake, tana zamewa ta tauna kan sukuru. Nemo wadda bakinta ya cika tsagar daidai, faɗi da kauri. Idan babu, sayi mai araha ka kai wa mai wasa wuƙaƙe ya daidaita maka bakinta da sukurun. Sai doguwar sukudireba mai tsawon kamu biyu ko fiye, ko doguwar soket, don sukurun da ke cikin ƙota.

Kananzir mai kyau, kamar rabin lita. Kada ka yi amfani da fetur. Kananzir ɗin da ke warin fetur ma ajiye shi, gurɓatacce ne.

Man bindiga in akwai. In babu, man keken ɗinki ya wadatar, kuma kowane tela a kasuwa zai nuna maka inda ake sayar da shi.

Tsohon buroshin haƙori, tsinken sakace, auduga, tsumma fari mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, tocila, faranti mai zurfi, da famfon keke ko na ƙwallo don hura iska. Guntun alli ko fensir. Wayarka, don ɗaukar hoto. Igiya siririya da robar ruwa wadda ka san adadin litar da take ci.

Na ƙarshe shi ne harsashin gwaji, wato na roba ko na ƙarfe mara albarushi, wanda ke tare allura, ƙarfen da ke bugun gindin harsashi, idan an ɗana bindiga babu komai. Da wuya ka same shi a nan. Madadinsa, ɗauki kwanson da aka riga aka harba, ka fitar da ɗan ƙarfen tsakiyarsa da allura ta buga, ka cusa guntun robar goge fensir a ramin, ka yanke ta daidai da gindin kwanson. Sannan ka naɗe jikinsa da farin salatif don kada wata rana ka rikita shi da mai rai.

Abin da ke faruwa a ciki

Tsakanin bututu da ƙota akwai gidan ƙarfe, a cikinsa ne komai ke gudana. Guduma tana da sifirin mai ƙarfi da ke son tura ta gaba ta bugi allura, allura ta bugi gindin harsashi. Abin da ke hana ta shi ne wani ɗan ƙarfe, mariƙi, wanda bakinsa ke shiga wata 'yar tsaga a jikin guduma. Kamar tarkon tsuntsu ne: ɗan tsinke guda ke riƙe da dukkan ƙarfin sandar. Idan ka ja kunama tana ɗage mariƙi, guduma ta faɗi. Idan ka saki, wani ƙaramin sifirin ya mayar da kunama gaba, wani kuma ya danna mariƙi ya koma inda zai sake kama guduma. Waɗannan ƙananan sifirin ba su da ƙarfi sosai, shi ya sa ɗan datti kaɗan ke rinjayar su.

Masu baki biyu iri uku ne. Akwai mai kunama biyu, kowane baki da tasa, ita ce mafi sauƙi. Akwai mai kunama ɗaya da ke juyawa zuwa baki na biyu da kanta da zarar ka saki yatsa. Akwai kuma mai kunama ɗaya wadda sai bindiga ta yi naushin baya sannan wani ɗan ƙarfe mai nauyi a ciki ya gusa ya haɗa kunama da mariƙi na biyu. Sanin wadda kake da ita zai hana ka buɗe lafiyayyar bindiga.

1. Tabbatar babu komai a ciki

Karya bindigar, bakinta na kallon ƙasa ko bangon da ba kowa bayansa. Duba kowane baki da ido, ka sa yatsa ka taɓa, ka ɗaga bututun ka hango haske ta ciki. Kwashe duk harsashi mai rai ka kai wani ɗaki ka rufe. Ba aljihu ba, ba ƙarƙashin tabarma ba. Yara su fita daga wurin. Yi aikin a inuwa mai iska, nesa da murhu, kuma ka zaɓi safiyar da iska ba ta kaɗawa, don buɗe bindiga a cikin ƙura ƙara mata ciwo ne.

2. Gano ciwon kafin ka kwance ko sukuru ɗaya

Sa harsashin gwaji, rufe, ɗana, ja kunama, ka riƙe ta a baya. Yanzu saki yatsa a hankali ƙwarai kana saurare. Lafiyayyar kunama tana bin yatsanka har ƙarshe ba tare da tsayawa ba. Lura da abin da taka ta yi. Idan ta dawo da nauyi da santsi-santsi, daskararren mai ne. Idan kana jin ƙaras-ƙaras, yashi ne ko tsatsa. Idan ta tsaya a wuri guda kullum sai ka tura ta da yatsa, wani abu ke gugar ta, ko katako ko zoben ƙarfen da ke kare ta ya lanƙwashe. Idan kuma tana lilo sakaka babu wani ƙarfi ko kaɗan, sifirinta ya karye ko ya fita daga mazauninsa.

Mai baki biyu da kunama ɗaya: bayan ja na farko, saki gaba ɗaya ka sake ja. Idan ba ta yi ƙara ba, bugi gindin ƙota da tafin hannu da ɗan ƙarfi, ka sake ja. Guduma ta faɗi? To bindigarka mai jiran naushi ce, kuma wannan ɗabi'arta ce, ba ciwo ba. Irin wannan takan ƙi juyawa a daji idan harsashin mara ƙarfi ne, ko ya sha danshi a damina, don naushinsa bai kai ya gusar da ɗan ƙarfen ba. Canja harsashi kafin ka zargi bindiga.

Akwai kuma laifin yatsa, kuma ya fi yawa fiye da yadda mafarauta ke yarda. Zabo ya tashi, ka harba ka kuskure, zuciya na gaggawa, sai ka sake matsa kunama alhali ba ka sake ta har ƙarshe ba. Babu bindigar da za ta tashi a haka. Idan a gida tana aiki daidai sau ashirin a jere amma a fadama tana ƙi, ka fara da horar da yatsanka: ja, saki har yatsa ya rabu da ƙarfe, sannan ja.

3. Raba ta uku

Karya ta ka rufe don gudumomi su ɗanu, sa makulli, wato ɗan maɓallin da ke tare kunama, sannan ka cire katakon gaba. Danna hannun karyawa, riƙe bututu da kyau ka zare shi daga gida. Dalilin ɗanawa kafin a cire katakon gaba shi ne, a yawancin masu baki biyu, idan guduma ta faɗi bayan an raba su, mayar da katakon yakan zama wahala, har mutum ya fara dukansa. Mai guduma a waje kuwa a bar gudumarta a kwance. Ajiye bututu a gefe kan tsumma.

4. Cire ƙota

A nan ka natsu. Bindigogin Baikal na ƙasar Rasha, irin su IZH-18 mai baki ɗaya da IZH-27 mai baki sama da ƙasa, da yawancin na Turkiyya, dogon sukuru guda ne ke riƙe ƙotarsu daga ciki. Kwance sukurori biyu na faifan da ke gindin ƙota, za ka ga rami mai zurfi. Haska tocila ka ga kan sukurun, ko mai tsaga ne ko mai kusurwa shida.

Haɗarin shi ne bakin sukudireba ya kauce wa tsagar ya faɗa tsakanin sukuru da katako. Kana murɗawa kana jin tauri, kana zaton sukuru ne, ashe ƙota kake tsagawa ta gefe. Maganinsa, naɗa salatif a jikin sukudireba kusa da baki har kaurinta ya kusa cika ramin, ta yadda dole ta tsaya a tsakiya. Juya ta a hankali har ka ji ta faɗa tsaga, ka danna da ƙarfi, sannan ka murɗa. Idan ya ƙi, ɗiga kananzir kaɗan kan sukurun kawai, ka bar shi ya kwana. Ja ƙotar baya a miƙe, kada ka karkaɗa ta hagu da dama, don leɓunan katakon da ke rungume da ƙarfe sirara ne.

Tsofaffin masu baki biyu a jere, musamman na Ingila, Beljiyam da Sifen, ba haka suke ba. Sukurorinsu na bi ta sama da ƙasa, kuma kunamominsu na kan faifan da ke fita daban. Idan taka irin wannan ce kuma ba ka taɓa ganin an buɗe ta ba, tsaya nan. Ka zauna kusa da mai gyara ka kalli yadda yake yi tukuna.

5. Duba kafin ka wanke

Ɗauki hoto ta dama, ta hagu, ta sama da ƙasa, kusa-kusa. Datti yana ba da labari, don haka kar ka yi saurin share shi. Mai launin ƙasa-ƙasa mai danƙo kamar ƙaro, wannan man gyaɗa ne ko manja ko wani man girki da aka taɓa ɗura mata. Man girki yana bushewa ya zama danƙo, kuma zafin bazarar Sakkwato, da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, yana gaggauta hakan. Baƙin laka kuwa man inji ne da ƙura. Za ka iya samun ƙaiƙayi, ƙwayar ciyawa, gutsuren katako, har gidan zanzaro a bindigar da ta daɗe a rataye.

Duba cikin katakon ƙota ma. Duk inda ka ga wuri ya yi sheƙi ko ya yi baƙi a layi, ƙarfe ne ke gugar wurin.

6. Wanki

Kada ka fitar da fil ko ɗaya. Filolin da ke riƙe guduma da mariƙi suna ƙarƙashin matsin sifirin mai ƙarfi, idan ka doke su abubuwa za su yi tsalle, ƙila zuwa idonka, kuma mayar da su sai da kayan aiki na musamman. Wanki ba ya buƙatar haka.

Riƙe gidan a kan faranti, ka tsoma buroshi a kananzir ka goge ko'ina: gindin kunama inda take juyawa, bakin mariƙi, tsagar guduma, sandar makulli, da ɗan ƙarfen naushi idan akwai. Idan danƙon ya yi kauri, jiƙa ɓangaren cikin kananzir na kamar rabin awa. Da tsinken sakace za ka tono lungu. Allurar ɗinki ko bakin wuƙa ba su dace ba, suna karce ƙarfe, kuma suna iya ture ɗan sifirin daga raminsa. Zubar da kananzir ɗin da ya yi baƙi ka sake sabo har sai ya fito da haskensa.

Kana wankewa kana motsa kunama da makulli a kunne, don dattin da ke cikin mahaɗa ya fito. Yatsunka su yi nesa da gaban guduma, tana iya fasa farce. Bayan nan hura iska da famfo a kowane lungu, ka shanya a inuwa kan farin tsumma har ya bushe sarai.

Tsatsa mara zurfi a gefen kunama ko jikin gida, jiƙa ta da mai ka goge da tsumma mai kauri ko guntun tagulla. Amma bakin mariƙi da tsagar guduma, tsumma kawai. Sanfefa ma kada ta kusance su.

Ga dalili. Waɗannan fuskoki biyu kamunsu ɗan kaɗan ne ƙwarai, kuma kusurwarsu an yanke ta ne yadda matsin sifirin zai riƙa ƙara kulle su. A bindigogi da yawa taurin ƙarfen a fatar sama kawai yake. Zarto ya bi sau biyu ko uku, ya cinye fatar ya kai ga ƙarfe mai laushi, ya kuma zagaye kusurwar. A ranar za ka ji kunama ta yi laushi ka yi murna. Bayan 'yan watanni bakin ya ƙara cinyewa, sai bindiga ta fara tashi da kanta idan an rufe ta da ƙarfi, ko ta faɗi daga babur, ko baki biyu su tashi lokaci guda. Kuma a yawancin irin waɗannan bindigogi makulli kunama kawai yake tarewa, bai riƙe guduma ba. Wato ko makulli na kunne, lalataccen mariƙi zai iya saki. Mutumin da ke tafiya gabanka a hanyar daji shi zai biya kuɗin wannan laushin. Ban yarda kowa ya yi wannan aiki a gida ba, komai ƙwarewarsa a ƙira ko walda.

7. Duba lafiyar sassan

Yanzu da komai ya fito fes, haska tocila. Idan idonka bai kai ba, ɗauki hoto ka buɗa shi a waya.

Bakin mariƙi da tsagar guduma su kasance da kaifin kusurwa, babu ɓallewa, babu zagayewa, babu alamar zarton wani da ya riga ka. Ƙananan sifirin su kasance a mazauninsu, ba karyayye, ba lanƙwasasshe, ba wanda tsatsa ta ci. A mai baki biyu kwatanta na dama da na hagu, bambanci zai nuna kansa. Filoli su kasance daidai da fuskar gida a kowane gefe. Idan ɗaya ya leƙo waje, yana iya gugar katako ko ya sa kunama ta karkace. Wannan kana iya mayar da shi da ɗan bugu mara ƙarfi ta kan guntun katako. Ɗan ƙarfen naushi ya riƙa motsi da taɓawar tsinke ya kuma dawo da kansa. Allura ta koma ciki bayan an tura ta, kada ta tsaya a waje. Zoben da ke kare kunama kada ya taɓa ta a ko'ina.

Ga iyakar da na ambata. Sifirin da ya karye ko ya gaji, mariƙin da ya cinye, allurar da ta maƙale ko ta karye, fil ɗin da raminsa ya buɗe, duk na mai izinin gyara ne, kuma da kayan da aka yi don irin bindigar. Kada ka ja sifirin don ya ƙara tsawo, kwana kaɗan zai koma ya fi da lalacewa. Kada ka gasa shi a wuta. Kada ka sa na biro ko na laita. Idan ba ka san mai izini ba, tambaya a hedikwatar rundunar 'yan sandan jiha, ka tafi da lasisinka.

8. Gyara katakon da ke guga

Katako yana kumbura a damina ya tsuke a hunturu, kuma a ƙasarmu tazarar da ke tsakanin danshin Agusta da bushewar Janairu babba ce. Bindigar da ke aiki lafiya da rani ta fara maƙalewa bayan ruwa ya sauka, katako ne abin zargi na farko. Gwajinsa mai sauƙi ne: idan kunama na komawa daidai ba ƙota, amma ta maƙale da an mayar da ƙota, ka gano shi.

Shafa alli a gefen sassan da ke motsi, mayar da ƙota, motsa kunama da makulli sau da yawa, sake cirewa. Inda alli ya taɓa katako, nan ne. Kankare wurin da bakin ƙaramar wuƙa kaɗan-kaɗan, kamar kaurin takarda, ka sake gwadawa. Fuskokin da katako ke jingina da ƙarfe ta gaba kada ka taɓa su, su ke ɗaukar naushi. Wurin da ka kankare shafa masa ɗan kakin kyandir ko banish na kafinta don danshi kada ya shiga. Idan ƙotar ta jiƙe ne kwanan nan, bar ta ta bushe a inuwa na kwanaki kafin ka kankare komai, wataƙila ta saki da kanta.

9. Sa mai

Kaɗan. Tsoma tsinke a mai, ɗigon da ya biyo shi ya isa mahaɗa guda: inda kunama ke juyawa, inda mariƙi ke juyawa, inda guduma ke juyawa, da sandar makulli. Sauran jikin ƙarfe goge shi da tsumma mai ɗan maiƙo don tsatsa. Ɗan ƙarfen naushi a bar shi kusan a bushe, don mai ko kaɗan ya yi yawa zai rage masa sauri. Ramin allura ma haka. Idan ka gama, ƙarfen ya yi sheƙi amma kada yatsa ya jiƙe in ka taɓa. Masu littattafan ƙasashen sanyi da ruwan sama sukan fi sakin hannu da mai. Mu ƙura ce abokiyar gabarmu, kuma duk ɗigon da ya wuce buƙata ita yake tarawa.

10. Mayarwa

Duba hotunanka ka tabbatar komai na inda yake. Zura ƙota a miƙe har ta zauna, babu tazara. Idan ta ƙi shiga kada ka doka, fitar da ita ka ga abin da ya tare. Ɗaure dogon sukurun har ƙota ta daina motsi, sannan ka ƙara ɗan kaɗan. Ɗaurin ganganci yana matse katako kan sassan ciki ya dawo da ciwon da ka zo magancewa, sakaka kuma yana tsaga ƙota da naushi. Mayar da faifan gindi, bututu, da katakon gaba.

11. Gwajin lafiya

Wannan matakin ba a tsallake shi, ko da wanki kawai ka yi. Da harsashin gwaji, baki na kallon wuri mara haɗari.

Ɗana, kunna makulli, ja kunama da ƙarfi. Kada guduma ta faɗi. Saki kunama, kashe makulli ba tare da taɓa ta ba. Nan ma kada ta faɗi.

Ɗana, makulli a kashe, bugi gindin ƙota a kan tabarma ko buhu daga tsayin kamu ɗaya, sau uku ko huɗu. Bugi gefen gida da tafin hannu. Karya ka rufe da ɗan ƙarfi fiye da yadda ka saba. Bayan kowanne ja kunama ka ji ƙarar guduma, don ka tabbatar ba ta riga ta faɗi a ɓoye ba.

Mai guduma a waje: ɗana ta, ka tura ta gaba da babban yatsa ba tare da taɓa kunama ba. Kada ta zame. Idan tana kwance kuma, tura ta ka duba ko allura ta leƙo. A bindigar da gudumarta ke ja baya kaɗan bayan bugu, bai kamata ta leƙo ba.

Mai baki biyu: ja na farko, ka saurara da kyau ƙara ɗaya ce ko biyu. Sannan na biyu. Idan tana da maɓallin zaɓen baki, gwada ta kowane ɓangare.

Sai awon nauyin kunama. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tsayar da bindiga bakinta sama, ɗaura igiya a tsakiyar kunama ta sauko a miƙe ta gefen ƙota, rataya robar, ka riƙa zuba ruwa a hankali har guduma ta faɗi, sannan ka auna ruwan. Bindigogin farauta masu kyau sukan saki wajen kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, na gama-gari sukan kai uku. Nauyin kunama ba ya kashe kowa. Amma idan ta saki ƙasa da lita ɗaya da rabi, ko kuma awo uku ya ba ka amsa uku masu nisa da juna, ni ba na fita da ita.

Daga ƙarshe maimaita gwajin mataki na 2 sau ashirin, wasu da sauri wasu a hankali, wasu bindiga na kallon sama wasu a karkace. Ko sau ɗaya ta maƙale, aiki bai ƙare ba. Duk gwajin da ta kasa ci a wannan mataki, raba ta uku, ɗaura mata ƙyalle a kunama don kowa ya san ba ta da lafiya, ka kai ta gyara.

12. Harbin gwaji da ajiya

Je wurin da ba mutane ba dabbobi, mai tudun ƙasa a gaba. A mai baki biyu fara da harsashi ɗaya mai rai a baki na farko, na gwaji a na biyu. Harba, ka ɗage yatsa, sannan ka ja na biyu. Idan ka ji ƙarar guduma, ta juya daidai. Idan shiru, ko dai ba ta juya ba, ko gudumar biyu ta faɗi tare da ta farko, kuma duka biyun na mai gyara ne. Sai ta ci wannan sau uku sannan ka cika baki biyu. Harsashin da ya ƙi tashi, ci gaba da nuna bakin bindiga ga tudun na rabin minti kafin ka karya ta.

Wajen ajiya, jingina ta bakinta ƙasa kan tsumma, don man bututu kada ya gangara cikin gida da katako. Kada ta kwana cikin jakar leda ko rigar fata a damina, suna riƙe danshi. A hunturu kuwa rufe ta da zane mai tsabta. Ta zauna a kulle, harsashi a wani wuri daban shi ma a kulle. Cire ƙota don irin wannan wanki sau biyu a shekara ya isa: bayan ɗaukewar ruwa wajen Oktoba, da kuma bayan hunturu wajen Maris. Yawan kwancewa shi ma yana cinye sukuru da katako, don haka tsakanin waɗannan lokuta goge bututu da waje kawai, ka kuma yi gwajin mataki na 11 kafin kowace fita.